Gidan abincin unguwa mai yin giyar inabinsa: me za ka tambaya, me za ka duba

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso ni. Ka ce an buɗe wani ƙaramin gidan abinci a unguwarku, sun rubuta a ƙofa cewa giyar inabin da suke sayarwa su suke yin abarsu, abokan aikinka har sun sa ranar zuwa, kai kuma abu uku ya tsaya maka a rai. Ta yaya gidan da ba shi da gona zai yi giyar inabi? Abin da aka haɗa a bayan kicin ba zai cutar da mutum ba? Sannan a cikinku akwai wanda ba ya taɓa barasa ko kaɗan, ko zuwansa yana da amfani? Na daɗe a wannan aiki. Da wankin ganguna da jan tiyo na fara, daga baya na koma auna sukari da tsami, don haka zan amsa maka da abin da hannuna ya taɓa.

Mu fara da maganar gona, don a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Noman inabi daban, yin giya daban. Itacen inabi shi ke buƙatar fili da rana da ƙasa mai tsane ruwa, kuma sai ya shekara uku ko fiye kafin ya ba da 'ya'yan kirki. Yin giyar kuwa ɗaki ɗaya ya ishe shi, muddin akwai sanyi, akwai magudanar ruwa a ƙasa, iska kuma tana shiga tana fita. Lissafin ba shi da wuya. Kwalba ɗaya mai mililita 750 tana cin inabi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Gangar katako irin wadda aka saba da ita a yankin Bordeaux na Faransa tana ɗaukar lita 225, wato kwalabe 300. Gidan da ya jera ganguna goma yana da kwalabe 3,000 a hannu, kuma ganguna goma idan aka ɗora su hawa biyu ba su fi ƙarfin matsakaicin ɗaki ba.

Abin kuma ba sabon yayi ba ne. A 1784 sarkin Ostiriya, Joseph na Biyu, ya ba manoma izinin sayar da giyar da suka yi da kansu a gidajensu. Har yau idan ka shiga unguwannin gefen birnin Biyana, babban birnin Ostiriya, irin su Grinzing da Nussdorf da Stammersdorf, za ka ga an rataye damin rassan itacen fir a saman ƙofa, alamar an buɗe ke nan. Suna kiran gidan da giyar duka Heuriger, ma'ana "na bana". A wasu yankunan Jamus tsintsiya ake ratayawa, kuma 'yan watanni kawai doka ta yarda manomi ya buɗe a shekara. A tsaunukan da ke kewaye da birnin Trieste na Italiya ana kiran irin wannan gida osmiza, daga kalmar "takwas" a harshen Sulobeniya, domin a da kwana takwas ake ba su. A ƙasar Jojiya kuwa iyalai suna binne manyan tuluna na yumɓu a ƙasa, qvevri, suna tsima inabi a ciki, kuma hukumar UNESCO ta sa wannan hanya cikin al'adun gado na duniya a 2013. Duk waɗannan manoma ne da suka ƙara teburi a gida. Abin da ya zo daga baya shi ne juyin wannan: mutanen birni da suke sa a kawo musu inabi a motar sanyi. Wani gidan yin giya mai suna City Winery ya buɗe a birnin New York a 2008, wani kuma mai suna London Cru ya fara a Landan a 2013 da inabin da aka ɗauko daga Faransa da Italiya. Mai yiwuwa gidan unguwarku irin waɗannan ne.

To amma a nan nake so ka buɗe kunne, don kalmar "mu muke yi" tana da fuska uku. Akwai mai gonarsa, ya noma, ya tsinka, ya matse. Akwai mai sayen ɗanyen inabi daga manomi ya yi sauran aikin a ɗakinsa. Wannan na biyun aiki ne na gaskiya, ban raina shi ko kaɗan, domin wahalar da take cikin ɗaki duk ya sha ta. Na uku shi ne mai sayen ruwan inabin da aka ƙafar ya yi kauri, ya tsinka shi da ruwa ya zuba yisti, ko ma ya sayo gamammiyar giya a tanki ya ɗura a kwalba ya manna sunan gidansa. Wannan ba guba ba ce, sau da yawa ma tana shayuwa lafiya lau, sai dai bai kamata a ce maka aikin hannun gidan ba ne. Hanyar rarrabewa ba ta buƙatar ilimi. Ka tambayi mai kawo muku abinci, ko ka ce a kira maka mai yin giyar: daga ina inabin bana ya zo, a wane wata, kuma awa nawa ya yi a hanya? Wanda ya yi aikin da hannunsa ba zai bar ka ka ƙarasa tambayar ba. Zai faɗa maka sunan yankin, da irin inabin, da yadda ruwan sama ya kusa ɓata musu girbi, har sai ka gaji da ji. Wanda ya sayo gamammiya zai ce "daga waje muke kawowa", ya juya maganar kan abinci.

Tambayar awannin hanya ba don ado na sa ta ba. Inabi yana barin itace ya fara mutuwa. Idan aka loda shi a manyan kwanduna, na ƙasa ya fashe saboda nauyin na sama, ruwan ya tsiyaye, zafi ya same shi, tun kafin mota ta iso ya fara tsami irin wanda ba a so. Shi ya sa masu kula suke tsinka da sassafe, su zuba a ƙananan akwatuna, su sa a sanyi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan sana'a Larabar ita ce ranar da inabi ya sauka daga mota.

Bari in shigar da kai ɗakin, don idan ka san abin da ke faruwa a ciki za ka fahimci abin da ke cikin kofin. Ana raba 'ya'yan daga sandunansu, a ɗan fasa su. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ruwan cikin kusan kowane inabi fari ne, har na baƙin inabi. Launi a bawo yake. Idan farar giya ake so, sai a matse nan take a raba ruwan da bawon. Idan ja ake so, sai a bar ruwan da bawon da ƙwayoyin su kwana tare, mako ɗaya zuwa uku, launi da bauri su fito. Mai ruwan hoda kuwa 'yan awanni kaɗai ake bari. Nunannen inabi yana zuwa da sukari kamar giram 200 zuwa 250 a kowace lita, kuma kimanin giram 17 ne yake ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Ruwan da ya zo da giram 220 zai ƙare a wajen kashi 13. Mai wannan aiki shi ne yisti, wani halitta da ido ba ya gani, yana cin sukarin yana fitar da barasa da iskar kabon da zafi. Masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar, daga 1857 zuwa gaba, cewa abu mai rai ne yake yin tsimin, kuma shi ne ya nuna cewa wasu ƙwayoyin na daban su suke lalata giya.

Ga abin da ba na mantawa. A kwanakin tsimi, iskar da ke tashi tana tura bawon sama, ya taru ya zama wata hula mai kauri a bakin tanki. Idan aka bar ta ta bushe, za ta yi zafi ta zama gidan ƙwayoyin tsami. Don haka sau biyu ko uku a rana sai mutum ya hau, ya ɗauki doguwar sanda mai faifai a ƙarshe, ya danna hular ƙasa. Dannawar farko kamar kana tura katifa ce, ba ta motsi. Ka ƙara nauyi, sai ta tsage, kumfa mai launin shuɗi da ja ta taso tana ƙara, ɗumi ya bugi fuskarka, iskar ta soki hancinka har ka ja baya ba shiri. Ka sa hannu a gefen tanki ka ji shi da ɗumi kamar jikin dabba. Jan giya yakan tsimu a wajen digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Selsiyos, fara kuma ana riƙe ta a ƙasa da haka, kamar 12 zuwa 18, don kada ƙanshinta ya gudu. Idan zafi ya wuce gona da iri yisti ya mutu da sauran sukari, tsimi ya tsaya a tsakiya, wannan kuwa ciwon kai ne babba. Kuma waccan iskar ba abar wasa ba ce. Ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa, ba ta da launi, ta kuma sha kashe ma'aikata a ɗakunan ƙasa. A zamanin da mutane sukan shiga da kyandir a hannu, idan ya mutu su juya. Idan an kai ku zagaya a lokacin tsimi, kada kowa ya tura kansa cikin tanki don ya shinshina, yara kuma a riƙe hannunsu.

Bayan wannan akwai tsimi na biyu, mai shiru, wanda kusan duk jan giya yake yi. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne suke juya tsami mai kaifi, irin na ɗanyen tuffa, ya koma tsami mai laushi irin na madara. Na kawo maganarsa ne don ƙananan gidaje a nan suke yawan tuntuɓe. Mai gida yana sauri ya fara sayarwa, sai ya ɗura a kwalba kafin wannan ya ƙare, abin ya ci gaba a cikin kwalbar. Ka buɗe jan giya ka ji tana cizon harshe da ƙananan kumfa, ga duhu-duhu a cikinta. Ba za ta cutar da kai ba, amma alama ce ta gaggawa.

Yanzu tambayarka ta biyu. Giyar inabin da aka tsima yadda ya kamata tana da tsami da barasa daidai yadda ƙwayoyin da ke kawo gudawa da amai daga abinci ba sa iya rayuwa a ciki. Idan ta lalace, daɗinta ne yake tafiya. Tsoron da mutane suke yi na makanta ko mutuwa daga metanol, wata irin barasa mai guba, ya samo asali, kuma tsimin inabi ɗan mitsitsi kawai yake samarwa, wanda bai kai ya yi illa ba. Inda aka yi asarar rayuka, mutum ne ya zuba da gangan. A Italiya a 1986 wasu dillalai suka ƙara metanol a giya mai arha don ƙarfinta ya ƙaru, mutane kusan 20 suka mutu, wasu suka makance. Shekara ɗaya kafin nan, a 1985, an kama wasu a Ostiriya suna zuba wani sinadarin masana'antu don giyarsu ta yi zaƙi da kauri. Duka biyun ha'incin masu cinikin tanki-tanki ne, wanda ya sake dawo da mu kan tambayar daga ina. Ka kuma tambayi lasisi, ba rashin kunya ba ne. Yawancin ƙasashe sun raba yin giya don gida da yin ta don sayarwa. A Amurka, misali, baligi yana iya yin galan 100 a shekara don kansa, gida mai manya biyu ko fiye galan 200, amma ko kofi ɗaya ba zai sayar ba sai da izinin hukuma. Gidan da yake da takardunsa ba ya jin haushin a tambaye shi.

Abokan gabar ƙaramin gida na ainihi su biyu ne, iska da ƙazanta. A wani gidan da na yi aiki, mai gidan mutumin kirki ne, kuku ne na gaske, amma hankalinsa yana kicin. Gangar katako tana shan giya, wani kuma yana ficewa ta jikin itacen a hankali, sai fili ya buɗe a sama. Dole a riƙa cika ta akai-akai har baki. Lokacin bukukuwa ya zo, gida ya cika da baƙi, aka janye kowa zuwa teburi, ganguna uku da ke can lungu suka yi wajen wata biyu ba wanda ya leƙa su. Ranar da na cire toshiyar ta farko, tun kafin in haska tocila hancina ya ba ni labari. Warin ruwan khal ne, haɗe da wani kaifi irin na ruwan goge jan farce. Da na haska, ga wata farar yana ta shimfiɗu a saman giyar. Lita 675 ke nan, aikin shekara guda na manomin da ya noma inabin da mu da muka danna hula da asuba. Mai gidan ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba. Abin da na girmama shi da shi, bai yarda a gauraya ta da mai kyau don a ɓoye ba. Ba kowa ne yake da wannan zuciyar ba.

Saboda haka idan sun yarda su nuna muku ɗakin, kuma gidan da yake alfahari da aikinsa yakan yarda, kada kyan ganguna ya ɗauke maka hankali. Dubi ƙasa. Tana da tsabta, ko takalminka yana mannewa? Akwai ƙananan ƙudaje suna yawo a bakin magudana? Su ne suke ɗaukar ƙwayoyin khal daga wuri zuwa wuri. Tiyo a rataye yake yana tsanewa, ko a naɗe a ƙasa da sauran ruwa a ciki? Kowace ganga tana da toshiya a matse, da rubutun alli ko takarda mai nuna irin inabi da shekara da ranar da aka cika ta? Ɗaki mai kyau ƙanshin itace da 'ya'yan itace da sanyin dutse yake yi. Mafi yawan aikin mai yin giya wanki ne, kuma mintuna biyar a ɗakin za su gaya maka ko ana yin wankin. Gani ya kori ji.

Za ka iya jin suna cewa tasu "ba sinadari", suna nufin ba su sa salfa ba. Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma zan faɗa. Salfa ita ce take kare giya daga iska da ƙwayoyi, an daɗe ƙwarai ana ƙona ta a cikin ganguna, kuma yisti da kansa yana samar da kaɗan. A Tarayyar Turai da Amurka dole ne a rubuta a kwalba idan ta wuce miligiram 10 a lita. Wasu mutane, musamman cikin masu asma, ba sa jituwa da ita, waɗannan su tambaya. Ana iya yin giya mai kyau ba salfa, na sha ganin haka, amma sai tsabtar mutum ta ninka ta kowa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a kawo maka lalatacciya a ce ai haka ta gargajiya take.

Mu zo teburi. Irin waɗannan gidaje sau da yawa daga famfon tanki ko ganga suke zubowa a tulun gilashi, kuma wannan ba alamar arha ba ce. Ka nemi ɗanɗano kaɗan kafin ku yi oda, ko a kawo muku ƙananan kofuna uku ko huɗu na iri daban-daban, a fara da fara a ƙare da ja. Hanci ya riga baki. Ka ɗan juya kofin, ka shinshina. Idan ka ji 'ya'yan itace, ko fure, ko ƙasa bayan ruwan sama, ko ɗan ƙanshin katako, kana kan hanya. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi funfuna yawanci daga toshiyar kwalba yake, a canza maka wata. Warin khal mai ƙarfi, iska ta shiga. Idan farar giya ta koma ruwan ƙasa-ƙasa tana warin tuffar da aka yanka aka manta, ita ma iska ce. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana zuwa idan yisti ya wahala, wani lokaci yakan tafi idan aka juya kofin na ɗan lokaci, idan bai tafi ba ka mayar. Akwai kuma warin garke ko gumin doki, daga wani yisti na daji da ke maƙalewa a tsofaffin ganguna. Kaɗan daga cikinsa wasu suna so, ni dai idan ya rufe ƙanshin inabin na san ganga ce ba a wanke ba.

Duhu-duhu kaɗai ba laifi ba ne. Ƙananan gidaje da yawa ba sa tacewa, don haka za ka ga gwiɓa a gindin kwalba, wani lokaci har da wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli kamar gishiri. Daga tsamin inabin suke, ba gilashi ba ne. Bauri a jan giya, wanda yake sa harshe ya bushe, daga bawo da ƙwaya yake, kuma a sabuwar giya yakan yi yawa. Abinci mai maiƙo da nama suna kwantar da shi. Nan ne irin wannan gida ya fi manyan wurare, domin mai girki da mai giya suna cin abinci a teburi ɗaya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake yi. Don haka kada ka wahalar da kanka da dokokin wane abinci da wace giya. Ka ce wa mai kawo abincin, "Me mai gidan yake ci da wannan?" Idan an kawo jan giya da ɗumi, ka nemi a ɗan sanyaya ta. Wajen digiri 15 zuwa 18 ya fi mata, fara kuma 8 zuwa 12.

Idan wani abu bai yi maka ba, ka faɗa, amma ka tuna wanda ya yi ta mai yiwuwa yana tsaye kusa da kai. "Ina jin kamar akwai tsamin khal a nan, ko za ka shinshina?" ya fi a ture kofi. Mai sana'a na gaske yana son ya ji, domin wanda ya yini a ɗaki ɗaya hancinsa yakan saba da warin ɗakin har ya daina jin sa.

Sai abokinku da ba ya sha. Ya je, in yana so, kuma kada kowa ya matsa masa da "ɗanɗana kawai". Amma ya san abubuwa uku. Na ɗaya, a lokacin girbi irin waɗannan gidaje sukan ba da ruwan inabi sabon matsa, abu ne mai daɗin da na kwali bai kama ƙafarsa ba. Sai dai ruwan da ba a dafa ba kuma ba a sa a sanyi ba yana fara tsimuwa da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, domin yisti yana nan a bawo da jikin kayan aiki. A Jamus da Ostiriya har sayar da wannan rabin tsimin ake yi da kaka, Federweisser ko Sturm, yana da zaƙi kamar lemo amma da barasa a ciki, kuma ƙarfinsa kullum ƙaruwa yake. Don haka ya tambaya a fili: yau aka matse, ko an dafa shi an rufe? Dafawar ita ce take tsayar da yisti, hanyar da wani mai suna Thomas Welch ya bi a Amurka a 1869 ya fitar da ruwan inabi marar barasa. Idan ya ji kumfa tana cizon harshe, ya ajiye. Na biyu, ya tambayi ko suna da ruwan ɗanyen inabi, wanda Faransawa suke kira verjus. Daga inabin da bai nuna ba ake matse shi, ba barasa, yana da tsami mai daɗi idan aka haɗa da ruwa mai gas. Na uku, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi, gidan da yake da giya a bayan kicin yana girki da ita, a miya, a jiƙon nama, har a kayan zaƙi. Maganar da ake yi cewa wuta tana ƙone barasar duka ba haka take ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, ko bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kamar kashi 5. Ya gaya wa mai kawo abinci tun farko, a tambayo kuku kai tsaye. Wannan ya shafi mai juna biyu da mai shan maganin da ba ya jituwa da barasa.

Su kuma masu sha, kasancewar giya ta gida ce bai rage mata ƙarfi ba. Kofi mai mililita 150 na giya mai kashi 12 yana ɗauke da kimanin giram 14 na barasa, ko a masana'anta aka yi ta ko a bayan kicin. Tulun gilashi ma ya fi kwalba yaudara, domin ana ƙara zubawa ba wanda yake ƙirge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, kuma ni da na yi rayuwata a cikin ganguna ba zan ce maka ƙarya suka yi ba. Ku sa ruwa a teburi, ku ci abinci sosai, ku kuma san wanda zai tuƙa mota tun kafin ku zauna.

Game da ranar zuwa, idan kana son ka ga aikin da idonka, ka auna lokacin girbi: Agusta zuwa Oktoba idan inabin daga arewacin duniya yake zuwa, Fabrairu zuwa Afrilu idan daga kudanci ne. Amma a makonnin nan mai yin giyar ba ya barci, ba zai sami sukunin hira ba. Idan hirar kake so, ku je a tsakiyar mako da wuri, kafin gida ya cika, ka kuma kira tun da rana ka ce kuna son ganin ɗakin. Idan wata ta burge ka har ka sayi kwalba, ka tambaye shi yaushe ya ɗura ta kuma nawa ya sa mata salfa. Giyar irin waɗannan gidaje yawanci ba ta ajiya ba ce. Ka sa ta wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu da taga, kada ka bar ta a cikin mota da rana, a kuma sha ta cikin 'yan watanni. Idan an buɗe ta, a mayar da toshiya a sa a firiji, kwana biyu ko uku ne iyakarta.